Wa Zai Riƙe Aikin Ranar da Ba Ka Nan?

Na daɗe ina zaton cewa maganar shirya magaji a wurin aiki ta shafi manyan shugabanni ne kawai, har sai da wani abu ya faru a wata ma'aikata da na taɓa yi wa aiki. Akwai wani dattijo a sashen kuɗi wanda shi kaɗai yake haɗa albashin ma'aikata, ya kuma daɗe yana yin aikin cikin amana har kowa ya saki jiki. Saura 'yan kwanaki wata ya ƙare sai rashin lafiya ta kwantar da shi. A ranar ne muka gano cewa babu wanda ya san yadda yake cire haraji da kuɗin fansho, babu wanda ya san waɗanda ake bi bashi da abin da ake yanke musu, kuma takardun da ke cikin kwamfutarsa shi kaɗai ya san kansu. Matasa biyu sun yi shekaru suna zaune a ofis ɗaya da shi, amma aikinsu bai wuce ɗauko fayil da buga takarda ba. Albashi ya makara, aka yi ta kiran mara lafiya a waya yana kan gadon asibiti, abin da har yau nake jin nauyinsa idan na tuna.

Ban taɓa ganin laifin dattijon ba. Babu wanda ya taɓa ce masa koyar da matasan nan wani ɓangare ne na aikinsa, babu kuma wanda ya taɓa tambayarsa a ƙarshen shekara ko akwai mai iya riƙe masa kujera na mako biyu. Mu da muke sama da shi ne muka ji daɗin cewa aiki yana tafiya, muka manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga baya na ci karo da labarin McDonald's, babban kamfanin sayar da abinci na Amurka, wanda ya nuna mini yadda abin yake idan an shirya. A watan Afrilun 2004 shugaban kamfanin, Jim Cantalupo, ya rasu ba zato ba tsammani sakamakon bugun zuciya, ana tsakiyar wani babban taron kamfanin a birnin Orlando na Amurka. Cikin sa'o'i kaɗan kwamitin daraktoci ya naɗa Charlie Bell, ɗan ƙasar Ostareliya wanda ya fara aiki a kamfanin tun yana ɗan shekara 15. Ba a jima ba aka gano cewa shi ma yana ɗauke da cutar daji, ya sauka a watan Nuwamban shekarar, Jim Skinner ya karɓa, ya kuma riƙe kujerar har 2012. Kamfani ya rasa shugabanni biyu cikin wata bakwai, amma bai fita waje yana lalube ba, domin mutanen da ya naɗa sun yi shekaru suna hawa mataki-mataki, kowa ya ga kamun ludayinsu tun kafin ranar buƙata ta zo.

A nan ne nake sha bamban da yadda ma'aikatu da yawa suke gudanar da wannan sha'ani. Sashen kula da ma'aikata yakan zana jadawali mai gida tara, a auna kowa da ƙwazonsa na yanzu da kuma abin da ake hasashen zai iya nan gaba, a rubuta sunaye biyu ko uku a ƙarƙashin kowace babbar kujera, sannan a kulle takardar a durowa sai baɗi. Jadawalin yana da amfani, domin yana tilasta wa shugabanni su zauna su yi magana a kan mutanensu. Sai dai rubuta suna ba ya mayar da mutum gwani. Wanda ba a taɓa barinsa ya yanke hukunci mai nauyi ba, bai taɓa tsayawa gaban fusataccen abokin hulɗa ba, bai taɓa kare kasafin kuɗi da bakinsa ba, to ba a san ko zai iya ba, shi ma kansa bai sani ba. Tim Cook, wanda ya shiga kamfanin Apple a 1998, sau uku yana riƙon ƙwarya lokacin jinyar shugaban kamfanin, Steve Jobs, a 2004 da 2009 da farkon 2011, kafin a tabbatar masa da kujerar a watan Agustan 2011. Ranar da aka naɗa shi, aikin ba baƙonsa ba ne.

Abin da ya fi hana a ba na ƙasa irin wannan dama, a iya abin da na gani, shi ne tsoro. Shugaba yana jin cewa idan mataimakinsa ya iya aikin, to darajarsa ta ragu, ko kuma an samu dalilin sallamarsa. Wani kuma ba sallama yake tsoro ba, ranar ritaya ce ba ya son tunawa, domin aikin ya zama shi ne rayuwarsa gaba ɗaya. Ba na raina wannan tsoro, domin ni ma na ji shi ranar da wata ƙaramar ma'aikaciya ta gyara mini lissafi a gaban jama'a, kuma ita ce da gaskiya. Amma tsoron yana da tsada, kuma ma'aikata ce take biya. A kamfanin Disney an yi ta ɗage ranar saukar shugabansa, Bob Iger, har Tom Staggs, wanda ake ganin zai gaje shi, ya bar kamfanin a 2016, aka miƙa wa Bob Chapek a watan Fabrairun 2020, sannan a watan Nuwamban 2022 aka cire shi aka dawo da Iger. Iger shugaba ne da ya yi wa kamfanin aiki mai yawa, wannan ba abin musu ba ne, amma duk lokacin da aka koma neman tsohon shugaba ya dawo, alama ce cewa akwai aikin da ba a kammala ba a zamaninsa na farko.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato a mayar da gadon kujera gasa a bainar jama'a. Lokacin da Jack Welch, wanda ya shugabanci kamfanin General Electric tun daga 1981, zai sauka, mutum uku aka sa a gaba kowa yana kallo. A ƙarshen shekarar 2000 aka zaɓi Jeff Immelt, kuma ba a yi nisa ba sauran biyun suka tafi, James McNerney ya koma kamfanin 3M, Robert Nardelli ya koma kamfanin Home Depot. Babban kamfani irin wannan yana iya jure rashin mutum biyu. Ƙaramar ma'aikata da gwanayenta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, idan ta yi haka, sai ta samu shugaba ɗaya ta rasa ginshiƙai biyu, ga kuma gabar da za ta bari tsakanin magoya bayan kowane.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda muke zaɓen wanda za mu shirya ya gaje mu. Zuciya takan karkata ga wanda ya yi kama da mu, mai magana irin tamu, wanda ba ya musu da mu, alhali matsalolin da ma'aikata za ta fuskanta nan da shekara 10 ba lallai ne su zama irin waɗanda muka saba warwarewa ba. Haka nan mukan ɗauki wanda ya fi kowa iya aikin hannunsa mu ɗora shi a kan mutane a matsayin lada, ba tare da mun duba ko yana da haƙurin sauraro da iya sasanta mutane ba. Irin wannan gwani ya cancanci ƙarin girma da ƙarin albashi a kan gwanintarsa, ba sai an raba shi da aikin da ya ƙware a kai ba.

Tun bayan abin da ya faru da dattijon nan na sauya yadda nake tafiya hutu. Kafin in tafi nakan zauna da wanda zai riƙe mini, in gaya masa iyakar abin da zai iya sa wa hannu, in sanar da sauran ma'aikata cewa maganarsa ita ce tawa, sannan in daina amsa wayar ofis. A hutuna na baya, wadda ta riƙe mini ta sauya tsarin rabon aiki ba yadda zan yi ba, ta kuma yi kuskure ɗaya a wata wasiƙa wanda ta gano ta gyara da kanta. Da na dawo mun zauna mun bi hukuncin da ta yanke ɗaya bayan ɗaya, ina tambayarta dalili tana ba ni. Tsarin rabon aikin da ta kawo na bar shi yadda yake, kuma da shi muke aiki har yanzu.