Wasiƙa daga Jidda: Larabcin takardar inshora ya fi ƙarfin Larabcina

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, iyali na gaishe ku. Masu tambayar tsadar haya da zafin Jidda da maganar biza, zan taɓo su idan wuri ya rage. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce wadda ake turo mini kusan kowane mako: "Wai da gaske ne magani kyauta ne a Saudiyya?"

Ɗan ƙasa yana zuwa asibitin gwamnati a duba shi ba ko sisi. Mu baƙi masu aiki a kamfanoni kuwa da inshora muke tafiya, wadda a nan ake kira tamin. Dokarta ta fito a 1999, kuma ta ɗora wa mai kamfani nauyin yi wa ma'aikacinsa da iyalinsa inshorar lafiya. Ba a sabunta igama, wato takardar izinin zama, sai da ita. A jikin sunan dokar an liƙa kalmar ta'awuni, wato ta taimakekeniya, domin irin wannan ce manyan malaman ƙasar suka halatta, saɓanin ta kasuwanci da suke ganin akwai garari, wato rashin tabbas, a cikinta. Har nan babu abin da ya shige mini duhu.

Duhun ya zo ne ranar da gwiwar uwargida ta kumbura. Ni da na yi shekaru ina karatun Larabci a zaure har da Islamiyya, na tsaya gaban kanta a wani asibitin kuɗi kamar wanda bai taɓa jin yaren ba. Yarinyar ta duba kwamfuta ta ce, "Ba ma cikin shabakarku." Shabaka da na sani raga ce ta kamun kifi. Ashe a nan jerin asibitocin da ajin katinka ya yarda ka je ne, kuma aji-aji ne: na manaja daban, na direba daban. Muka sake hawa mota, tana ɗingishi.

A asibiti na biyu aka karɓe mu, sai ma'aikaciyar ta ce in biya tahammul. Wallahi na ɗauka haƙuri take ba ni, don tahammul a karatunmu juriya ce. Har na ce mata na gode. Nufinta kason da ni zan biya daga aljihuna, kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ganin likita, da wata iyaka da ba ya wucewa. Likita ya rubuta hoton MRI, aka ce sai muwafaƙa ta zo, wato sai kamfanin inshora ya amince tukuna. Muka zauna a benci muna kallon waya.

A nan wani dattijo Bahaushen Makka, haifaffen Shara Mansur, ya ga ina juya takardu ya ce, "Ɗana, kana karantawa daga farko ne? Ai daga baya ake farawa." Na ce, "Baba, me ke bayan?" Ya ɗora yatsa a kan shafin istisna'at, abubuwan da aka togace. Gaskiyarsa. Shafin farko alkawari ne da manyan baƙaƙe, na baya kuma shi ne ke janye rabinsa da ƙanana: "sai dai idan", "matuƙar bai saɓa wa sakin layi kaza ba", "gwargwadon buƙatar likitanci". Wa ke yanke wannan buƙatar? Likitanka ya ce akwai, likitan kamfani da bai taɓa ganin gwiwar ba ya ce a fara gwada magani. Abin dariya, sunan takardar gaba ɗaya wasiƙa a Larabcinsu, kalmar da muka aro muke kiran irin wannan da nake rubuto muku. Tasu dai ba a rubuta ta don mai karɓa ya gane ba.

Kada ku ce wannan matsalar 'yan ci-rani ce. Mu ma a Najeriya dokar NHIS, wato tsarin inshorar lafiya na ƙasa, a 1999 aka yi ta, shekara ɗaya da tasu, ko da yake sai 2005 ta fara aiki. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta maye gurbin ta NHIS, ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa. To, "kowa" a takarda da "kowa" a tagar karɓar kati ba ɗaya ba ne. Ma'aikacin gwamnatin tarayya, tsarin ya ɗauki shi da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, sauran sai ya yi musu rajista daban ya biya. Kuma akwai kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani da majiyyaci ke biya, tahammul ɗinmu ke nan. Da ni ne a Kano ko Katsina, tun ina da lafiya zan je in zauna da jami'in inshorar in ce ya faɗa mini da Hausa, da naira: wane asibiti, wane ciwo ne ba ya ciki, sunan wa ke kan katin. Mai ciwo ba ya iya gardamar sakin layi.

Masu zuwa Umara, akwai inshora a cikin kuɗin bizarku, ku nemi takardarta ku ajiye a waya kafin ku taso. Lambar motar ɗaukar marasa lafiya 997, ta ma'aikatar lafiya 937. Haya tana da tsada, zafi kuma sai wanda ya zo.

Muwafaƙar ta iso bayan la'asar, an yi hoton. Yanzu likita ya rubuta gashin ƙashi sau goma, an amince da shida, ina nan ina haɗa takardun neman sauran huɗun.