Yadda na auna darbejiyar gidanmu da taɓarya

Tun iskar farkon damina da ta yaye kwanon wani gida a layinmu maƙocinmu yake ta ƙorafi wai darbejiyar tsakar gidanmu in ta faɗi kan ɗakinsa za ta sauka, Baba kuma yace ina, bishiyar da ya dasa da hannunsa ko ƙafa 30 ba ta kai ba. Gardama taƙi ƙarewa, ba kuma mai hawa da igiya, shine na tuna lissafin inuwa da aka koya mana a sakandire.

Na ɗauko taɓaryar Inna na aro tef wajen tela, irin mai inci 60 ɗin nan, sai akai sa'a tsawonsu ɗaya cif. Ranar farko shirme na tafka wallahi, na auna inuwar taɓarya sai aka kira la'asar na tafi masallaci, kafin in dawo inuwar bishiyar ta miƙe ta haye katanga ta faɗa gidan mutane, lissafi ya bani abin da ko rimi bai kai ba. Ashe dole a auna biyun a lokaci guda, inuwa ba ta jiran kowa, kuma ta kwanta a ƙasa shimfiɗe ba a jikin bango ba.

Washegari da hantsi na sake. Ƙanwata ta riƙe taɓaryar a tsaye, nace mata kar ki bari ta karkata ko kaɗan, inuwarta inci 40. Na zana alama da gawayi a ƙarshen inuwar darbejiyar maza-maza sannan na auna daga gindinta, tef shida, inci 360 kenan. 360 raba 40 tara, wato taɓarya tara aka ɗora kan juna, ƙafa 45, kusan mita 14.

Inna na gefe tana tankaɗe tace yo ai da inuwa muke gane la'asar tun kafin agogo, in inuwar abu ta ƙaru da tsawonsa bayan ta zawali lokaci yayi, kai sai ka je boko ka sani?

Daga gindin zuwa ɗakin maƙocin ƙafa 35 ne, gaskiyarsa kenan. Baba yayi shiru can yace to a kira mai gatari ya rage mata kai, amma reshen da yake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa kar wanda ya taɓa.