Zagaye biyu da suka cinye mini wata takwas

Ƙannena masu karatun kwamfuta a nan Sakkwato, tun da aka ji na taɓa shiga gasar manhajojin warware matsala, tambaya ɗaya ake yi mini: wace dabara ce ke sa manhaja ta yi sauri? Ni ma ita na yi ta bi har wata takwas, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Ga wanda bai san fannin ba, a irin wannan shiri ba ka ce wa kwamfuta ta yi kaza sannan ta yi kaza. Dokoki kake rubuta mata da sharuɗɗa, ita kuma manhajar warwarewa ta nemo amsar da ba ta saɓa wa ko ɗaya ba. Manɗiƙi ne dai, irin wanda malamanmu na zaure suka sani tun da daɗewa, sai dai an ɗora wa inji. Reshen da na shiga shi ne ASP, wato Answer Set Programming, wanda ya tsaya a kan ma'anar da Michael Gelfond da Vladimir Lifschitz suka fitar a 1988. An fara babbar gasarsa a 2007 a Tempe ta jihar Arizona a Amurka, kuma daga 2013 aka tsayar da harshe guda mai suna ASP-Core-2 wanda kowace manhaja za ta karanta. Manyan 'yan kokawar wannan fage su ne clingo ta Jami'ar Potsdam a Jamus, da DLV da WASP na Jami'ar Kalabiriya a Italiya. Wadda na shiga ƙaramar gasa ce da ta ɗauki irin wannan tsari. Kana aika manhajarka, alƙalai su kunna ta a kan injinsu, su yi ta jefa mata matsaloli, kai kana gida ba ka gani, ba ka iya taɓa komai.

Hanyar da na bi ita ce in mayar da dokokin zuwa jimlolin gaskiya ko ƙarya, in miƙa wa injin SAT, wato shirin da ke neman hanyar da duk jimlolin za su zama gaskiya tare, ya warware. Ba baƙuwar hanya ba ce, kuma tana da sauri. Fassarar kuwa ita ce ta Keith Clark ta 1978: abu gaskiya ne idan, kuma sai idan, akwai dokar da ta tsaya masa. Na gwada ta da shafa wa taswira launi, na gwada ta da jera sarauniyoyi a kan allon dara, komai ya tafi daidai. Sai na ɗauka magana ta ƙare, na koma neman daƙiƙoƙi.

Matsalar da ta kayar da ni kowa ya san ta, wato zagayen Hamilton. Ku ɗauka ɗan kabu-kabu ne zai tashi daga Mabera, ya taka kowace unguwa sau ɗaya tak, ya komo Mabera. Dokar tana cewa: an isa unguwa kaza idan an isa wata unguwa kuma an bi hanya daga can zuwa nan. Da alƙalai suka maido mini da amsar da manhajata ta bayar, na zana ta a bayan takarda da biro, sai ga zagaye biyu. Ɗaya ya tashi daga mafari ya komo. Ɗayan yana can gefe shi kaɗai, kamar a ce Arkilla zuwa Gawon Nama zuwa Runjin Sambo zuwa Arkilla, babu hanyar da ta haɗa shi da na farko. Amma manhajar ta rantse an isa ko'ina. Me ya sa aka isa Arkilla? Domin an isa Runjin Sambo. Me ya sa aka isa Runjin Sambo? Domin an isa Gawon Nama, ita kuma domin an isa Arkilla. Kamar baƙi uku ne suka zo kara neman bashin bijimi, wannan ya tsaya wa wancan, wancan ya tsaya wa na uku, na uku ya tsaya wa na farko, alhali babu ɗan gari ko ɗaya da ya san su. Babu dillalin da zai saki igiya a kan haka. Fassarar Clark tana sakin igiyar, ma'anar Gelfond da Lifschitz ba ta saki, domin a wurinta dole kowace gaskiya ta samo asali daga tushe. Fassarar tana wadatarwa ne kawai idan dokokin ba su da irin wannan maɗauki na dogaro da juna, kuma François Fages ya nuna haka tun 1994. Fangzhen Lin da Yuting Zhao kuwa sun fitar da maganin a 2002, wato ƙarin jimlolin da ke hana maɗauki tsaya wa kansa. Duk wannan yana rubuce shekaru kafin in fara. Na ga kanun maganar, na tsallake, domin idona yana kan agogo.

Abin da ya fi ciwo shi ne hukuncin. A irin waɗannan gasa, idan lokaci ya ƙare ba ka ba da amsa ba, makin wannan tambaya kaɗai ka rasa. Idan kuwa ka ba da amsar da ba daidai ba, ko sau ɗaya, makin rukunin gaba ɗaya ya tafi. Duk rukunin da ke da dokar isa daga wuri zuwa wuri, sifiri na samu. Ban ga zalunci a ciki ba, ko a ranar. Wanda zai tsara jadawalin jarrabawa ko rabon aikin ma'aikatan jinya da manhajarka ya gwammace ta ce masa ba ta sani ba, da ta ba shi ƙarya da gaba gaɗi.

Da na san abin da na sani yau, kafin in taɓa maganar sauri sai na rubuta ɗan shiri mai ƙirƙiro ƙananan dokoki barkatai, layi 5 zuwa 10, dubbai a dare guda. Kowanne a ba manhajata, a ba clingo, a kwatanta. Inda suka saɓa, a yi ta zare layi ɗaya-ɗaya har a bar mafi ƙanƙantar misalin da ke nuna saɓanin. Bayan gasar na yi haka, kuma kafin in gama shan shayi ya kamo kuskuren da layi biyu: a gaskiya ne idan b, b gaskiya ne idan a. Manhajata ta ce su biyun na iya zama gaskiya, clingo ta ce babu ko ɗaya. Aikin yini guda ne. clingo kyauta ce, kowa na iya sauke ta.

Maganar saurin ma ashe ban auna ta daidai ba. A watan Afrilu nake gwaje-gwajen, lokacin da zafin Sakkwato ke haura 40 a ma'auni. Ina ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta, fankarta na kuka kamar injin niƙa. Kwamfuta idan ta ɗau zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, idan kuma an ɗauke wuta ta koma batir, takan ƙara ragewa. To ni sai in auna tsohon tsari da azahar, in auna sabo bayan isha'i a tsakar gida, in ga sabon ya fi sauri in yi murna. Inna takan leƙo ta ce, "Wanga aiki naka ba ya da dare, ba ya da rana?" In ce mata an kusa. Rabin ci gaban da na rubuta a littafina sanyin dare ne. Ku auna tsoho da sabo a jere, a zama ɗaya, sau da yawa, kuma ku riƙa duba adadin karon da injin ya yi, wato sau nawa ya ci karo da saɓani ya koma baya, kafin ya kai ga amsa, domin wannan adadi zafi ba ya taɓa shi.

Sai ƙwaƙwalwa. Kafin a warware, sai an shimfiɗa kowace doka a kan duk abubuwan da za ta iya shafa. Doka mai gurbi 3 a kan abubuwa 20 tana ba da 8,000, ba komai ba ne. A kan abubuwa 1,000 kuwa biliyan ɗaya ce. Babbar gasar ta 2015 minti 20 da gigabait 12 ta ba kowace tambaya. Ku nemi manyan misalan gasar da ta wuce, waɗanda akan bari a fili, ku sa wa manhajarku iyakar da kanku da ulimit, umarnin Linux mai ƙayyade ƙwaƙwalwar da shiri zai ci, ku ga yadda take mutuwa.

Ƙunshin da za ka aika shi ma aiki ne mai zaman kansa, ni kuwa kwana biyu na ware masa. Allah ya sa akwai zagayen gwaji. Saƙon farko da ya zo mini shi ne manhajar ba ta ma tashi ba. Na naɗe fayilolin a Windows, izinin kunnawa ya ɓace a hanya, abin da chmod +x kaɗai ke gyarawa. Na gyara, sai ga na biyu: ɗan rubutun tayarwa yana ɗauke da ƙarshen layi irin na Windows, Linux ta kasa gane layinsa na farko. Na uku, na harhaɗa shirin a kan sabuwar Ubuntu, wato wani nau'in Linux, injinsu kuwa yana da tsohuwar glibc, ɗakin ajiyar kayan aikin da shirye-shiryen Linux ke dogaro da shi. Maganin duka guda ne. Ka harhaɗa shirin da duk abin da yake buƙata a cikinsa, ka kafa sabuwar Linux fes wadda ba ta san ka ba, ka kwance ƙunshin a can kamar yadda baƙo zai yi, ka kunna shi da umarnin da aka rubuta a ƙa'idar gasar harafi da harafi. Ka kuma tuna cewa inji ne ke karanta amsarka. Duk surutun da kake bugawa don bin sawun kuskure ka karkatar da shi zuwa stderr, mafitar saƙonnin kuskure wadda take dabam da ta amsa. Lambar fita, wato lambar da shiri ke bari idan ya gama aiki, a wannan fage tana da ma'ana: 10 an samu amsa, 20 babu amsa, 30 an samu amsa kuma an gama bincike. Idan tambayar ta neman mafi kyau ce, ka fitar da kowace amsa da zarar ka same ta, kada ka riƙe ta kana jiran wadda ta fi, domin idan lokaci ya cika kashe shirin ake yi, abin da ke cikinsa ya tafi da shi.

Wa'adi kuma, ku karanta agogon wace ƙasa aka rubuta. Tsakiyar Turai agogonsu ɗaya da namu a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris sukan wuce mu da awa ɗaya, don haka 11:59 na darensu 10:59 ne a Sakkwato. Ni na gane haka ne saura minti 40, wuta babu, ina tsaye bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, kwamfuta a kan sirdin babur ɗin maƙwabcina, waya a sama ina jiran layin ya cika. Ya cika. A cikin ƙunshin da ya tafi a daren nan akwai zagayen nan biyu, kuma babu sauran lokacin da zan sake duba komai.