Asabar a gidan karnukan tsere

Ƙarshen Oktoba, kudancin Ingila. Yayyafi tun asuba, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Ƙarfe shida aka buɗe ɗakuna. Karnuka ashirin da shida ne a gidan, biyu-biyu a ɗaki, kare da karya, don maza biyu ba sa zaman lafiya wuri guda. Kafin a ɗauki tsintsiya, kwanon jiya da kashi ake fara dubawa. Karen tsere, wanda Turawa ke kira girehawun, ba ya rage abinci haka kawai. In ya bari a kwano sai a auna zafin jikinsa: tsakanin 38 da 39 lafiya ce, in ya haura 39.5 ba gudu ranar. Yau kowa ya suɗe kwanonsa.

Uku ne ke da tsere da daddare: baƙin kare mai kilo 32, wata jar karya mai kilo 27, da wani mai zane-zane da ya fi su girma. Su ba a cika masu ciki da safe. Ɗan burodi mai dusa da madara da ruwa, shi ke nan, sai sun dawo. Sauran kuwa babban abincinsu na rana ne: kare mai kilo 30 yana cin nama kamar giram 600, busasshen abincin buhu giram 300 da aka jiƙa da romo, da dafaffen ganye da karas. Na buhun iri biyu ne, mai furotin kashi 28 ga wanda ke gudu, mai kashi 19 ko 20 ga wanda ke hutu. In aka ba mai hutu na masu gudu, sai ya yi ta haushi yana cizon ƙofa. Akwai abubuwan da ba sa shiga ɗakin girkin nan ko da wasa: cakulan, shayi, da burodin da aka barbaɗa wa irin fofi, wani fure da ake samun kayan maye daga gare shi. Ana gwada fitsarin karnuka a fili, kuma waɗannan suna fitowa a gwaji kamar an ba kare ƙwaya. Naman dabbar da aka yi wa allura kafin ta mutu ma haka.

Sai sikeli. A dokar Birtaniya, karen da nauyinsa ya bambanta da na tserensa na baya da fiye da kilo ɗaya, ko sama ko ƙasa, ba zai yi gudu ba. An kafa ta ne saboda masu ɗura wa kare abinci don ya yi nauyi ya sha kaye, su ci kuɗin caca a wani gefen. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ba a yarda da ido, rabin kilo ba ya ganuwa a jikin kare mai gajeren gashi da ƙirji kamar ganga. Jar karyar ta ragu da giram 300, babu laifi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne lalube. Ana tsayar da kare a kan tabarmar roba, a bi shi da hannu daga wuya zuwa wutsiya. Kowane yatsa a lanƙwasa shi, a karkata shi hagu da dama. A buɗe fatar tsakanin yatsu a ga ko ta tsage. A duba gindin farce, don yashin fili yana shiga nan ya zama ƙurji. Farcen kansa kada ya taɓa ƙasa in kare yana tsaye. In ya yi tsawo sai ya kafe a yashi jiki ya wuce, yatsa ya goce. Daga nan wuyan ƙafar gaba, a naɗe shi har dagi ya kusa taɓa dantse, sai kafaɗa, sai gadon baya, sai cinyoyi. Ana lalube ana kallon idon karen, don ba kowanne ke kuka ba, wani juyowa kawai zai yi ya dube ka.

Mai zane-zanen ne ya juyo. Cikin cinyarsa ta dama, can sama kusa da matsematsi, akwai wata faffaɗar tsoka da ke jawo ƙafa ciki. Ta ɗan kumbura, ta fi ta hagu ɗumi. Ba ta tsinke ba, don in ta tsinke ana jin rami a sama da dunƙule a ƙasa kamar ƙwai, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma jini ya kwanta ya gangaro har kusa da agara. Nan take aka kira ofishin fili aka cire shi. Ƙanƙara a cikin tawul minti goma sha biyar, sau huɗu a rana, kwana uku. Ba tausa a kwanakin nan, tausa ƙara zubar jini take yi a ciki. Tafiya da igiya kawai har mako biyu, likita ya gani ranar Litinin, kuma ba zai sake shiga tsere ba sai ya yi gudun gwaji. Da an rufe ido an kai shi yau, ciwon mako huɗu zai iya zama na wata uku.

Ƙafar dama ta baya ce ta fi samun irin wannan rauni, kuma dalilin kwana ce. Duk filayen nan hagu ake zagayawa. Kare yana shiga kwanar farko da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, ya kwanta hagu, ƙafar dama ta baya ita ke tura shi ta waje, ta hagu ta gaba ita ke tokare shi ta ciki. Wani bincike da masana na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan suka fitar a 2005 ya nuna cewa karen tsere ba ya rage gudu a kwana kamar yadda ɗan Adam ke yi, sai dai ƙafafunsa su ɗauki ƙarin nauyi na kusan kashi 65. Shi ya sa karayar da aka fi tsoro ita ce ta wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar gaɓar da ke ƙasan agara, ta dama. Ƙashin yana shan matsi tsere bayan tsere, yana ƴan tsattsagewa da ido ba ya gani, in ba a ba shi hutun da zai gyara kansa ba wata rana sai ya fashe.

Tsohon mai gidan, wanda ya haura saba'in kuma ɗansa ke riƙe da lasisi yanzu, ya zauna shan shayi da mu wajen ƙarfe goma, zancen kwana ya ja shi baya. A ganinsa filin ciyawa na da ya fi cin yatsu, na yashin yanzu ya fi cin gaɓoɓi da tsoka. Cikin filayen tsere na Landan, ya ga White City kafin a rufe shi a 1984, ya ga Walthamstow ya tafi a 2008, Wimbledon a 2017. Yawancinsu gidaje aka gina a wurin.

Asalin abin babu kwana a cikinsa. Farautar zomo ce a fili: a saki karnuka biyu, alƙali a kan doki yana ƙirga wanda ya fi juya zomon. Kofin Waterloo, da aka fara a Altcar a 1836, shi ne babbar gasar, kuma wani kare, Master McGrath na Ayilan, ya ci shi a 1868, 1869 da 1871. An yi na ƙarshe a 2005, dab da dokar hani ta fara aiki. A 1876 an gwada zomon ƙarya a miƙaƙƙen layi a Hendon, abin bai karɓu ba, don a miƙe wanda ya fi sauri shi ke ci kullum, babu abin kallo. Wani Ba'amurke, Owen Patrick Smith, shi ya ɗora zomon a kan dogo mai zagaye, aka buɗe fili a Emeryville ta Kalifoniya a 1919. Ranar 24 ga Yuli 1926 aka yi tseren farko a Belle Vue ta Manchesta, shekara ta zagayo Dabulin ta buɗe Shelbourne Park. Zagayen ne ya sa ɗan kallo ke ganin komai daga inda yake tsaye, shi ya kawo cunkoso da turereniya da sa'a, shi ya kawo caca da cikar fili. Shi ne kuma ke karya ƙafa. Mick the Miller, wanda wani limamin coci ya kiwata a Killeigh, ba sauri kaɗai ya yi suna da shi ba, iya shiga kwana ne da sanin inda zai kutsa. Ya ci Dabi, babbar gasar tseren karnuka ta Ingila, a 1929 da 1930, ya yi nasara 19 a jere, kuma har yau gawarsa na tsaye a gidan tarihi na Tring. Ballyregan Bob ya kai 32 a jere a 1986. Tsohon yana wurin a filin Hove daren da aka cika ta 32 ɗin, kuma bai gaji da faɗa ba.

Ni dai cacar ba ta gabana, amma ƙarya ne a ce sana'ar za ta tsaya ba ita. Tun da aka halatta shagunan caca a 1961 masu zuwa fili suka ƙara raguwa. Masu zaɓe a Filorida ta Amurka sun kaɗa ƙuri'ar kashe tseren a 2018, Niyu Zilan ta sanar da nata hanin a Disamba 2024, kuma hujjar masu hanin ita ce raunukan nan da makomar kare bayan ya daina gudu yana ɗan shekara huɗu ko biyar, alhali zai iya kai goma sha biyu. Wanda ya taɓa ɗaukar kare mai karaya daga kwanar farko ba zai ce hujjar banza ce ba.

Da hantsi aka leƙa garken ƙanana. ƴan kwikwiyo bakwai, wata biyar, a fili mai tsawon mita ɗari da shinge. Ba a koya masu komai yanzu, gudu da kokawa da junansu ne ke gina ƙashi, kuma kwikwiyon da ya tashi a ƙuntataccen wuri ba ya iya juyawa da gudu in ya girma. An ba su maganin tsutsa tun suna mako biyu, duk bayan mako biyu har mako goma sha biyu, yanzu wata-wata. Kunnen dama kaɗai aka yi masu lamba, alamar haihuwar Birtaniya. Haihuwar Ayilan kunne biyu ne, kuma su ne mafi yawa a filayen nan. Ɗaya yana da gudawa, an ware shi.

Uwarsu ta ɗauki ciki ne da gwajin jini, ba da ƙirgen kwana ba. Masu cewa a kai karya barbara rana ta goma sha biyu suna yawan asarar kuɗin uba, don wata tana sakin ƙwai rana ta tara, wata sai ta goma sha takwas. Ana auna sinadarin furojestaron a jininta duk bayan kwana biyu, in ya kai wajen 5 a ma'aunin gwajin ta saki ƙwai, sai a yi barbara bayan kwana biyu. In da daskararren maniyyi ne a ƙara kwana ɗaya, don ba ya daɗewa a ciki. Kwana 63 ta haihu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji mutanenmu, amma a nan ana gani. Cikin bakwai, wani ba zai ko bi zomon ba, wani zai bi amma ya juya ya ciji na kusa da shi, wannan kuwa kora ce daga fili. Masu kiwo na ƙwarai sun fi duba dangin uwa: ita da ƴan uwanta mata me suka haifa, suna da naci, ƙafafunsu na da ƙwari. Duk wanda ya san karnukan Azawak na Abzinawa a Nijar da Mali zai gane jinsin, su ma da ido suke farauta ba da hanci ba. Sai dai wancan an kiwata shi don ya jure zafi da nisa, wannan kuwa daƙiƙa talatin ce duk ƙarfinsa.

Bayan azahar wasu biyu ƴan wata goma sha uku suka je makarantar gudu. Sun riga sun saba da igiya, takunkumi da mota. Yau sakin hannu ne: a riƙe kare a bakin kwana, zomo ya wuce, a sake shi ya yi kwana biyu kawai. Akwatin tashi sai bayan ya nuna yana bi da zuciya ɗaya, kuma a fara da ƙofa a buɗe, ya ratsa ya fita. Karen da ƙofar akwati ta taɓa buga wa hanci yakan koma baya ya tsuguna, ya riƙa makara har ya tsufa. Ba ya shiga tsere sai ya cika wata goma sha biyar.

Da magariba aka isa fili. Awo, duba lamba, likitan fili ya sa kowanne ya yi sassarfa a gabansa, aka kulle su. Kare shida a tsere, riguna ja, shuɗi, fari, baƙi, ruwan lemo, da mai ratsin baƙi da fari. Yayyafin ya yi wa yashi kyau, ya kama ƙafa. Busasshen yashi ko wanda ya jiƙe wani wuri ya bar wani wuri shi ne mugu. Jar karyar mai bin gefen ciki ce, ta samu akwati na 1, ta riga kowa kwanar farko, ta ci mita 480 a daƙiƙa 29.12 da tazarar jiki biyu. Tsawon jiki ɗaya daƙiƙa 0.08 ake lissafa shi, kuma da wannan lokaci mako mai zuwa za a ɗaga ta aji na gaba. Baƙin ya fito daga na 4, na 3 ya buɗe masa a kwana suka yi karo, ya zo na biyar.

Shi aka fi tsayawa a kai. An wanke ƙafafu da ruwan sanyi, an cire yashi daga gindin farce da tsohon buroshi, an zagaya da shi minti goma har haki ya lafa, ruwa kaɗan-kaɗan. Aka jira fitsarinsa. In ya fito ja kamar zoɓo, tsokar baya ta ƙone ke nan, sai ƙarin ruwa a jijiya a daren, in ba haka ba ƙoda ta tafi. Ya fito fari. Akwai ɗan kumburi a cikin ƙwaurinsa na hagu inda gwiwar gaba ke bugawa a kwana, an sa ƙanƙara.

Sha ɗaya saura aka ba su abinci a gida. Mai zane-zanen ya sha ƙanƙararsa ta huɗu, ɗumin cinyar ya ragu kaɗan. Baƙin sai gobe da safe za a lalube shi da kyau, don ciwon tsoka ba ya nuna kansa sai jiki ya huce.