Yadda na rabe kirya da madobiya bayan an sayar mini da ɗaya a madadin ɗaya

Aikin teburin cin abinci aka ba ni, kuma mai aikin ya ce madobiya yake so, saboda jan ruwanta da layukan da ke fitowa a jikinta idan an goge ta. A 'yan katako wani dillali ya nuna mini falankai masu duhu, ya rantse cewa madobiyar Taraba ce, ya kuma karɓi kuɗin madobiya cif. Sai da katakon ya shiga shago na gane cewa kirya ce.

Zarto ne ya fara tona asirin, domin kafin in gama yanka falanki na biyu haƙoransa sun dakushe, alhali madobiya, duk da taurinta, ba ta cin ƙarfe haka. Da na buga ƙusa sai ta lanƙwashe, ta biyu kuma ta tsaga bakin katakon, dole na koma huda rami kafin kowace ƙusa. Aikin ya ninka lokacinsa, kuma har yau idan na tuna da rantsuwar dillalin nan raina yana ɓaci.

Abin da na riƙe tun daga nan shi ne, launin waje ba shaida ba ne, tun da kirya tana ƙara duhu idan ta sha iska da rana. Yanzu sai na kankare gefe da gizago na duba ciki. Madobiya tana fitowa ruwan ƙasa mai ɗan rawaya ko ja, da layuka masu duhu, ita kuwa kirya jan nata ya fi duhu, kuma idan aka ɗaga falankai biyu masu girma ɗaya, ita ce ke rinjayar hannu.

Ba laifin kirya ba ne, domin itace ne mai daraja a muhallinsa. Gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa masassaƙa suke yin turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma suke neman gawayinta. Amma ba kuɗin madobiya ya kamata in biya ba. Madobiya ta yi wuya ne saboda saran da aka yi mata ana kai wa ƙasar Sin, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ke sa wa cinikinsu ido tun 2017, kuma wannan ƙarancin ne ya sa wasu dillalai ke laƙa sunanta a kan duk katako mai duhu.

Mai teburin ya karɓi kayansa bayan na faɗa masa gaskiya na kuma rage masa kuɗi, ragin kuwa daga aljihuna ya fita. Dillalin ya ce shi ma haka aka kawo masa.