Injin ɗura harsashi na araha da ramin da ya ƙi karɓar mazubi

Har yau idan na tuna daren da na tsaya a garejin gidana a jihar Teksas, riƙe da sabon mazubi, wato ƙarfen da ke matse kwanson harsashi ya koma girmansa, ina ƙoƙarin murɗa shi a saman injin ɗura harsashin da na saya, sai raina ya sosu. Na juya shi dama, na juya shi hagu, na goge ramin da tsumma bisa zaton tsatsa ce ta toshe shi, har mai na ɗiga masa. Sai da na ɗauko tocila na haska sannan na ga abin da ko yaro zai gani: bakin ramin ya gaza kaurin mazubin da kusan rubu'in inci. Da na kwana ina murɗawa ma ba zai shiga ba.

A shekarar 2021 ne abin ya faru, lokacin da harsashi ya yi ƙaranci a shagunan Amurka, wanda ake samu kuma ya yi tsada. Ni mai farautar barewa ne da bindigar .308 (lambar girman harsashinta ke nan), kuma na daɗe ina tara kwanson harsashin da na harba a cikin wani bokitin fenti, domin dokar tarayya a nan ta yarda mutum ya sake ɗura harsashi don amfanin kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. Wannan hukuncin nan ne kawai. Wanda ke Nijeriya kada ya ɗauke shi a matsayin izini, dokar makamai a gida daban take. Burina shi ne in samu inji mai sauƙin kuɗi kafin lokacin farauta ya buɗe a farkon Nuwamba.

A wajen gwanjon kayan wani dattijo da ya rasu na ga injin, ƙarami ne, da jan fenti da ya koɗe, yana da kai mai juyawa mai ramuka huɗu. Na ja hannunsa sama da ƙasa, na ji yana tafiya sumul babu girgiza, aka ce dala 60, na biya ko tayi ban yi ba, ina jin kamar na tsinci dami a kala. Na duba fenti, na duba tsatsa, na duba ko akwai tsagewa a jikin ƙarfen, amma ko kusa ban yi tunanin auna ramukan da ke samansa ba, alhali kuwa duk aikin injin a nan yake.

Wani tsoho da muke haɗuwa a filin gwajin harbi, wanda ya shafe shekaru fiye da talatin yana wannan aiki, shi ne ya warware mini matsalar. Da na nuna masa hoton a waya sai ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, wannan ya girme ka. Ka je ka haddace lamba biyu kafin ka sake fitar da ko sisi.” Lambobin su ne 7/8 da 14, wato kaurin mazubi kashi bakwai cikin takwas na inci, da layin tiredi, wato zaren murɗi irin na jikin kusa mai noti, 14 a kowane inci. A kan wannan ma'auni ne kusan dukan kamfanonin yau suka daidaita, shi ya sa mazubin Lee yake hawa injin RCBS, na Redding yake hawa injin Hornady, ba tare da wata rigima ba. Nawa injin an ƙera shi ne tun kafin wannan daidaito ya game ko'ina, kuma yana karɓar wani siririn mazubi mai kaurin kusan 5/8 na inci.

Maimakon in haƙura a nan, sai na ƙara wa kaina asara, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na yi mako uku ina bin kasuwar tsofaffin kaya ta intanet ina neman siririn mazubin .308, na same shi da kuɗin da ya haura na sabon mazubin zamani, na kuma biya kuɗin aikowa. Da ya iso sai na tarar wuyan kwanso kaɗai yake matsewa, ba ya taɓa jikinsa. Kwanson da ke cikin bokitina kuwa rabinsa tsintarsa na yi a filin harbi, daga bindigogin wasu ya fito, kowanne ya buɗe daidai da cikin bindigar da ta harba shi, saboda haka dole a matse shi tun daga kafaɗa har gindi kafin ya zauna a tawa. Ƙaramin injin nan ba shi da ƙarfin wannan aiki ko da an samu mazubin. Uwargida ta leƙo garejin ta ga kwalaye biyu a buɗe, ta ce, “Malam, ashe dai araha ba ta ado.” Ban tanka ba.

Saye na biyu da natsuwa na yi shi. Na zaɓi inji mai rami ɗaya, wanda ake yin mataki guda ga dukan kwanson kafin a canja mazubi a shiga mataki na gaba, domin mai farauta da ke buƙatar harsashi arba'in ko hamsin a wata ba shi da uzurin sayen injin da ke fitar da ɗaruruwa a awa. Na kuma zaɓi mai jiki rufaffe kamar zobe a kan mai buɗaɗɗen gaba, saboda rufaffen ba ya lanƙwasawa idan aka danne shi da kwanson bindigar farauta. Na yi sha'awar Rock Chucker na kamfanin RCBS, mai jikin ƙarfen zubi da nauyin gaske, amma aljihuna bai kai ba bayan ɓarnar da na yi, sai na ɗauki na Lee mai jikin alminiyam. Yau shekara uku ke nan ina aiki da shi, kuma a iya adadin da nake ɗurawa ban ga abin da na rasa ba.

Ko a cikin injunan zamani akwai wuraren da daidaiton ke yankewa, kuma tsohon nan ya zaunar da ni ya lissafa mini su. Injin Square Deal na kamfanin Dillon mazubinsa na kansa kawai yake karɓa, kuma na harsashin ƙaramar bindiga ne, don haka wanda ya gan shi da araha yana nufin .308 zai faɗa ramin da na faɗa. Akwai kuma bushi, wani ɗan zoben ƙarfe da ake ɗaura wa mazubi domin a cire shi a mayar da juyi kaɗan ba tare da sake saiti ba. Lee yana da nasa mai suna Breech Lock, Hornady yana da Lock-N-Load, cikin kowannensu 7/8 da 14 ne, amma bayansu ba ɗaya ba ne, na wannan ba ya shiga injin wancan. Kowane mazubi yana son bushinsa, kuma kuɗin yana taruwa a hankali, ya kamata a sa shi cikin lissafi tun farko.

Mariƙin kwanso, ɗan ƙarfen da ke kama gindin kwanso a kan sandar injin, shi ma ya kusa ya kayar da ni. Jikinsa yana hawa yawancin injunan zamani, amma lambar da ke kansa kowane kamfani da tasa. A wajen Lee lamba 2 ce ta harsashin .308 da na .30-06, lamba 3 kuma ta harsashin .30-30, a wajen RCBS abin a juye yake, lamba 3 ce ta .308, lamba 2 ta .30-30. Ina gab da biyan kuɗin lamba 2 na RCBS na tuna daren tocila, na koma na buɗe jadawalin kamfanin na duba da sunan harsashi. Daga baya ma na lura cewa kwalin mazubin Lee da na saya tun farko yana da mariƙi a ciki, ban dai duba ba saboda haushi.

Jan injin yana nan a ƙarƙashin teburin aikina. Sau biyu na sa shi a kasuwa, kuma a duka biyun na rubuta ma'aunin ramukansa da manyan baƙaƙe a layin farko, abin da wataƙila shi ya sa har yanzu ba wanda ya taya. Yanzu duk lokacin da zan je gwanjo ko kasuwar kayan harbi, akwai wani tsohon mazubi mai 7/8 da 14 da nake sakawa a aljihun jaket. A watan jiya na ga wani inji mai kyau ana neman dala 45, na roƙi mai shi izini, na ciro mazubin na ɗora a ramin, ya shiga juyi biyu ya cije. Na mayar da shi aljihu, na yi wa mutumin godiya, na wuce teburin gaba.