Inda aka kwana a aikin mayar da direba zuwa gpiod

'Yan'uwa masu koyon rubuta direba a Linux, ga matakin da aikin mayar da wani direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) daga tsohon tsarin GPIO zuwa gpiod ya kai. GPIO su ne ƙafafun da manhaja ke iya kunnawa ko kashewa, gpiod kuma shi ne tsarin sarrafa su da ya maye gurbin tsohon. Direban na wata IC ce (guntun lantarki) da ke kan layin sadarwa na I2C, mai ƙafar reset da ke aiki a juye: wuta ta sauka sifili IC ta kwanta, ta hau bolt 3.3 ta farka. A zanen bod za ku gane irin wannan ƙafa da suna kamar RESET_N ko nRST.

Sashe mai sauƙi ya kammala. An cire linux/gpio.h an sa linux/gpio/consumer.h. Aikin of_get_named_gpio() da gpio_request() ya dawo kira ɗaya, devm_gpiod_get_optional(dev, "reset", GPIOD_OUT_HIGH), wanda zai nemo reset-gpios da kansa a DTS, wato fayil ɗin da ke bayyana kayan bod ga kanel (zuciyar Linux). Yanzu IS_ERR() ake dubawa, a miƙa kuskuren ga dev_err_probe() don -EPROBE_DEFER, wato "a sake gwada probe (tayar da direba) daga baya", ya wuce ba surutu. In an samu NULL ba matsala, bod ɗin ne ba shi da wannan ƙafa.

Wahalar duk tana cikin ma'anar 1. A tsohon tsari, gpio_set_value() abin da ka ba shi shi yake ɗorawa a kan waya: 0 ƙasa, 1 sama. A tsarin gpiod, wanda ya shigo tun Linux 3.13, 1 na nufin "kunna aikin wannan ƙafa", sai gpiolib, sashen kanel mai kula da GPIO, ya duba ko an rubuta GPIO_ACTIVE_LOW a DTS ya juya da kansa. Saboda haka tsohon jeri na sa 0, jira, sa 1, dole ya koma sa 1, jira, sa 0. Sunan GPIOD_OUT_HIGH ma yaudara ne, domin a ƙafa mai juyi sifili zai fitar. Wanda ya kwafe lambobin yadda suke, IC za ta zauna a reset, karatun farko a I2C ya dawo da -ENXIO ko -EREMOTEIO, mutum ya yi ta zargin adireshi alhali lafiyarsa ƙalau.

Tarko na biyu ya fi ɓoyewa. Tunda direbobi da yawa na da ba sa karanta alamar juyi, akwai fayilolin DTS da aka rubuta 0 a wurin, wato GPIO_ACTIVE_HIGH, ba wanda ya lura. Kana gyara direba daidai, waɗannan bod ɗin su mutu. Kafin a taɓa komai, a yi git grep na sunan compatible na IC ɗin (sunan da ke haɗa DTS da direba) a cikin arch/, a karanta kowane layi. Gyara DTS kaɗai bai isa ba, don akwai DTB (DTS da aka harhaɗa) da aka riga aka zuba a na'urorin da ke hannun mutane, kuma ƙa'ida ita ce sabon kanel ya ci gaba da aiki da su. Wurin maganin shi ne drivers/gpio/gpiolib-of.c: of_gpio_try_fixup_polarity() na da teburin da ake tilasta juyin, of_find_gpio_rename() kuma na kama tsofaffin sunaye da ba su bi ƙa'ida ba.

Akwai mai cewa a sa gpiod_set_raw_value(), wanda ba ya duba alamar juyi, a huta. Ban ba da wannan shawara ba. Ranar da wani bod ya sa tiransista mai juya sigina a kan layin, DTS ba ta da yadda za ta faɗa wa direba.

Wajen gwaji, /sys/kernel/debug/gpio na nuna hi ko lo na ainihin waya, da ACTIVE LOW a gefe in alamar ta shiga. A haɗa da mita a kan ƙafar: bayan probe a ga 3.3.

Saura bod ɗin da ba su da DTS. Su sai an rubuta musu gpiod_lookup_table, a sa GPIO_ACTIVE_LOW cikin GPIO_LOOKUP(). Za a kuma mayar da kiran zuwa gpiod_set_value_cansleep(), saboda ƙafar na iya fitowa daga IC mai ƙara ƙafafu ta I2C, wadda rubuta mata ke buƙatar jira.